Shekarar da 'Yan Bazara Ba Su Yi Kuka Ba

Waɗanda suka riga mu jin wannan labari sun ce an yi wani gari a bakin fadama ana ce masa Tsamiya Tara, saboda tsamiyoyi tara da ke jere tsakanin gidaje da lambuna. Mutanen garin ba su da wata sana'a sai ƙasa. Da damina gero da dawa a tudu, da rani albasa da kuɓewa a fadama.

Suna da wata al'ada da maƙwabtansu ke yi musu dariya a kanta. Su ba sa shuka don kawai an yi ruwa. Akwai wani ƙwaro da suke kira ɗan bazara. Ba gyare ba ne mai kuka a rami, shi wannan a jikin itace yake nasa, da tsakar rana, lokacin da zafi ya hana kowa sakat. Shekaru yake yi a ƙarƙashin ƙasa yana tsotson saiwar tsamiya, fari fat kamar tsutsa. In bazara ta yi sai ya fito ya hau gindin itacen, ya tsage ta baya, ya bar saɓarsa manne da ɓawo, ya hau sama ya kama kuka. Dubbai suke fitowa, har mai hira a inuwar sai ya ɗaga murya. Muddin suna kuka, ko wane irin ruwa aka yi, ba a taɓa iri. Ran da suka yi shiru kwana uku a jere, damina ta zauna ke nan, sai a fita da sungumi.

Mai sauraron wannan kuka kullum mace ce daga gidan Sarkin Noma. A zamanin da muke magana Gwaggo Hakama ce, tsohuwa mai kaifin baki, idonta ɗaya ya yi yana. Ita ce yayar mahaifin Sarkin Noma Tunau. Ita ke tattara saɓar a ƙwarya kowace shekara, kuma sai ta ce a shuka ake shukawa.

Shekarar Tunau huɗu da naɗi aka shiga wahala. Bara an yi fari, mutane suka ci abin da ke rumbu, suka gangara suka fara cin iri. Abin da ya rage a garin duka shuka ɗaya ce tak. In ta kama an tsira, in ta ƙone a rami ba wanda ke da ƙwayar da zai maimaita. Ana cikin haka sai ga ruwa ya sauka da yammacin wata Talata, mai ƙarfi, har ya cika kwatami.

Da hantsin Laraba Tunau yana zaune a zaurensa, ya jingina da bango. Zauren nan shi ne abin alfaharinsa, dogo ne, na jar ƙasa mai santsi, babu irinsa har garuruwa uku. A waje maza sun taru, kowa da sungumi a kafaɗa. Barau mai shela na tsaye a bakin ƙofa da gangarsa, yana jiran a ce ya buga. Tunau bai runtsa da kyau ba, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya hana shi. Ya aika a kira Gwaggo.

Ta shigo tana dogara sanda, da ƙwarya rufe da faifai a ɗaya hannun. Ya sauko daga buzu ya gaishe ta.

"Ina kwana, Gwaggo? Ina ruwa?"

"Ya yi gyara, in ji masu gaisuwa. Ni dai itacen girki ya jiƙa mini."

"Gwaggo, yaushe rabonki da jin kukan 'yan bazara?"

"Kuka na sosai? Shekara uku."

"Bana nake nufi."

"Bana wasu 'yan tsiraru sun yi kwana biyu suna gwada murya kamar masu mura. Tsuntsaye suka tsince su."

"Tun daga nan fa?"

"Shiru."

"Kwana nawa?"

"Ashirin da biyu."

Tunau ya buɗe hannuwa. "To, al'ada kwana uku ta ce. Mun ninka ta sau bakwai, ga ruwa ya sauka. Mutanen Tudun Maje tun asuba suke gona. Ki ce a shuka mana, Gwaggo, Barau ya buga."

Tsohuwa ta ɗage faifan ta tura masa ƙwaryar da sandarta. Ya leƙa. 'Yan saɓa ne a can ƙasa, ko gindin ƙwaryar ba su rufe ba.

"Ƙirga," in ji ta.

"Goma sha ɗaya."

"Zamanin ubanka ƙwarya uku nake cikawa, har in bar saura wa iska."

"Yawansu bai dame ni ba, Gwaggo. Shirunsu ake jira, kuma sun yi. Mutanen nan da kike gani a waje, wasu rabonsu da tuwo kwana huɗu. In na ce su koma gida, me zan ce musu?"

Ta dube shi da lafiyayyen idon, ta daɗe. Sannan ta kwance bakin zane ta ciro ɓarin goro.

"Koma ka zauna, ɗan nan. Ka ba ni tsawon cin goron nan. In na gama, ka sa Barau ya buga abin da ka ga dama, ganga taka ce. Ka taɓa jin abin da ya gudana tsakanin Cindo mai lambu da tsohon kwaɗon rijiyarsa?"

Tunau ya dubi ƙofa, ya dubi goron, ya ga ɗan ƙarami ne. Ya ce, "Ban ji ba, Gwaggo. Yaya aka yi?"

Gwaggo Hakama ta ce:

An yi wani mutum ana ce masa Cindo, yana da lambu a ƙarshen wata fadama. Ba rago ba ne, kada ka ɗauka labarin rago zan ba ka. Tun sanyin safiya yake kan jigo yana ɗaga ruwa, har kafaɗunsa suka yi kanta. A ƙasan lambun akwai wata 'yar magudana da ke kwashe ragowar ruwa ta kai rafi. Wata shekara Cindo ya tsaya ya dube ta ya ce, "Ni in ɗaga ruwa da ƙashin bayana, ya wuce rafi a banza?" Ya kawo laka da duwatsu ya toshe ta. Lambu ya zauna cikin danshi rani da damina, Cindo ya rage hawa jigo, ya ji daɗi.

A cikin duwatsun bakin rijiyarsa akwai wani tsohon kwaɗo. Sun saba, in rana ta take Cindo ya zauna shan fura, su taɓa hira. Hirar Cindo ba ta wuce ƙwari. Da marka ya zagi tsutsa, da ƙarshen damina ya zagi fara, in kuɓewa ta yi fure ya zagi masu huda ta. Kwaɗo yakan ce, "Maigida, zage su a hankali, abincina ne."

Rani na uku da toshe magudana, Cindo ya zaga lambu ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ganyen alayyafo ko huda ɗaya babu. Ya juya wannan, ya juya wancan, sumul. Ya zo bakin rijiya yana washe baki.

"Kai, mai kumburin wuya, fito ka taya ni murna! Maƙiyana sun ƙare. Bana ba rabin irin albasa zan zuba ba kamar kullum, har na cikin gora zan juye, fangali arba'in."

Kwaɗo ya fito da ƙyar. Fatarsa ta yi masa yawa kamar rigar aro.

"Maigida, na ji ka. Kai da ido kake ƙirga su, ni da cikina, kuma cikina bai taɓa yi mini ƙarya ba. Shekara goma sha biyu ina nan. Na san watan da suke yawa har in ƙoshi ban motsa ba, na san watan da suke ja baya in yi ta hamma. Da ruwan farko ƙadandoniya ke fara fitowa. Da marka ba a magana, ko baki na buɗe wani abu zai faɗa. Kaka ta fara ce da tururuwa. Tsakiyar rani kowa ya ragu, amma ba a rasa ɗan abin taɓawa a gindin danshi. Wannan raguwa na san ta, mai dawowa ce. Ta bana ba ita ba ce. Bana ko tana babu a ƙasan nan. Na tona da ƙafata har na gaji."

Cindo ya yi dariya. "Ashe yunwarka kake yi wa kuka, ba lambuna ba."

"Gaskiya ne," in ji kwaɗo. "Sai dai yunwata da taka hanya ɗaya suke biyowa, tawa ce kawai ke riga isowa. Tsorona kada ka zama kamar zabuwar nan da ta kai 'ya'yanta bakin suri jiran shinge."

"Wace zabuwa kuma?"

Kwaɗo ya gyara zama a kan dutse, ya ce:

An yi wata zabuwar daji da ke kiwo kusa da wani babban suri. Uwarta ta koya mata abu ɗaya kafin ta mutu. Ta ce, "Ki daidaita ƙwanki ya fashe da ruwan farko mai ƙarfi. Ran nan ki kai 'ya'yanki bakin suri. Gara za ta saki masu fiffikenta, shinge, su yi ta fitowa kamar hayaƙi. Ɗan da ya ci shinge kwana uku ya tsallake mutuwa." Haka ta yi shekara biyu, 'ya'ya suka rayu.

Wani rani mai tsanani, dabgi, dabbar nan mai cin gara, ya zo ya farke gefen surin da farcensa, ya lashi abin da ya lasa ya wuce. Zabuwa ta zo ta leƙa ɓarakar. Can ciki ta hango uwar gara kwance, fara, mai ƙiba kamar babban yatsa, ƙanana na ta kai da kawowa a kanta. Akwai wani gyare mai rami a gindin surin, ya leƙo ya ce, "Maƙwabciya, ci ƙananan, ga su nan burjik. Bar wannan ɗayar."

Zabuwa ta ce, "Kai da ba ka fi loma ba, kai za ka zaɓa mini loma?" Ta sa baki ta haɗiye uwar. Ta lumshe ido ta ce tun da take ba ta taɓa cin abu mai maiƙo irin wannan ba.

Bayan haka suri ya yi tsit. Babu mai cizon ƙafarta in ta zo kiwo, babu mai hawa mata ƙwai. Ta ce wannan rani ya zo da sauƙi.

Ruwa ya sauka, ƙwai ya fashe, 'ya'ya goma sha bakwai. Ta jera su a baya, ta kai su bakin suri, ta ce su buɗe baki su jira. Suka jira har rana ta faɗi. Ta ce, "Sun makara ne." Kashegari 'ya'yan suka ce, "Inna, ba ma jin motsi." Ta ce, "Haka suke yi. Uwata ta ce sai sun yi tsit tukuna, sannan su ɓarke." Ran na uku ƙaramin ya kwanta bai tashi ba. Ran na huɗu shida suka bi shi. Ba ta kai su wani wuri ba, don ba ta san wani wuri ba, nan aka koya mata. Ran na shida saura uku, su ma wuya ya langaɓe. Ta je bakin ramin gyare ta sunkuyar da kai.

"Maƙwabci, kai da ke kwana a ƙasa, ka ji suna shirin fitowa?"

Gyare ya ce, "Bango ɗaya ya raba ramina da nasu. Tun rani ban ji ko tari ba. Ba wanda zai fito, baiwar Allah. Abincin 'ya'yanki na damina ke kika haɗiye shi da rani, a loma ɗaya, har kika ce da maiƙo."

Kwaɗo ya haɗiyi iska, sannan ya ce wa Cindo, "To, maigida, kai ma ka yi taka lomar. Ruwan da ka hana fita yana kwance, rana na shanye shi, yana barin kanwarsa a ƙasa. Shekara uku tana hawowa. Masu zama a ƙasa sun ɗanɗana ta kafin kai, shi ya sa suka tashi. Ganyen da kake murna da shi, ba tsoronka ya hana su ci ba, ɗaci ne. Buɗe magudana, ka bar ƙasar ta wanku, ka riƙe irinka a gora sai baɗi."

Ran Cindo ya ɓaci. Ya ce, "Shekara goma sha biyu kana shan ruwana, yau da na ga haske za ka yi mini baƙin baki?" Ya kwashe kwaɗo a cikin guga, ya wurga shi bayan danga. Ya juye iri duka, har da na gora, fangali arba'in.

Kwana ashirin albasa ta yi kore shar, masu wucewa na tsayawa kallo. Sannan wata safiya ya ga bakin fangali ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Kan ganye ya fara rawaya. Ya ƙara ruwa, abin ya ƙaru. Kafin wata ya cika, fangali arba'in sun kwanta. Ya ruga ya fasa magudana da hannunsa har farce ya cire, amma gora ta riga ta zama fanko. Sai a lokacin ya tuna da abokin hirarsa. Ya zaga bayan danga, ya same shi a bushe, ya shafe kamar tsohon takalmi.

An ce har Cindo ya mutu a lambun wasu yake ƙwadago, kuma in ya juya ganye ya ga huda sai ya ce alhamdu lillahi, mutane na cewa ya taɓu.

Gwaggo Hakama ta tofar da tuƙar goro a tafin hannu ta dunƙule. Ta ce, "Shirun wanda ya gama magana daban, shirun wanda babu shi daban. Kaka da kakanni da suka ce a jira kwana uku, na farkon suke nufi. Goro ya ƙare. Ga Barau can."

Tunau ya yi ajiyar zuciya. Labarin ya taɓa shi, amma haushi ya fi yawa, don ya ji ana kwatanta shi da zabuwa a cikin zaurensa. Ya ƙara jingina da bango ya ce, "Na ji, Gwaggo, kuma labari ya yi. Sai dai ni ban toshe magudanar kowa ba, ban haɗiye uwar kowa ba. In 'yan bazara sun ƙi fitowa, ikon Allah ne."

"Komai ikon Allah ne. Ina ka ɗebo ƙasar zauren nan?"

Ya san amsar, kowa a garin ya sani, amma bai taɓa ajiye ta kusa da wannan magana ba. Shekarar naɗinsa magina suka ce babu jar ƙasa marar yashi irin ta gindin tsamiyoyi. Aka yi gayya. Aka haƙa ramuka tsakanin saiwoyin bakwai daga cikin tara, wasu har gwiwa, wasu har ƙugu. Ya tuna yadda kowane dagi ke fito da fararen abubuwa suna motsi, kaji na bin masu haƙa har suka kasa tafiya don ƙoshi. Sauran aka zuba ruwa da ciyawa, maza suka shiga da ƙafa suna kwaɓawa, makaɗa na kiɗa, shi yana raba goro.

"Na zo ran nan," in ji tsohuwa. "Na tsaya a bakin rami na ce a bari. Ka tuna abin da ka ce?"

Ya tuna. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Na ce tsutsa ce."

"Ka ce, 'Gwaggo, tsutsa ce, koma inuwa.' Na koma. Ni ba na maimaita magana ga mai sabon rawani, ba ya ji."

"Amma ai sun fito bayan nan. Shekara uku suna fitowa."

"Manyan ne, waɗanda suka nutsa can ƙasa inda dagi bai kai ba. Shekarar farko ƙwarya biyu na kawo maka. Ta biyu ɗaya. Bara rabi. Kowace shekara a nan nake ajiye ta gabanka, kana cewa an gode Allah, ko leƙawa ba ka yi. Ƙananan da ke sama-sama, waɗanda bana ce shekararsu, su kuka kwaɓa." Ta ɗaga sanda ta nuna bayan kafaɗarsa, inda ruwan jiya ya zubo ta indararo ya ɗaye yaɓe. "Sa farcenka a nan."

Ya juya. Ƙasar ta yi laushi. Ya ɗan ƙwaƙula, ciyawa ta fito, ya ƙara. Wani abu ya faɗo masa a tafin hannu, bai kai ƙwayar wake ba, busasshe, a dunƙule, da 'yan ƙafafun gaba biyu a lanƙwashe irin na mai tona ƙasa. Ya dubi bangon daga ƙasa har rufi. Ya dubi sauran ukun. Ya matsa gaba a kan buzun, bayansa ya rabu da ƙasar.

A waje wani ya yi tari, Barau ya ɗan taɓa ganga da yatsa don a san yana nan.

"To yanzu yaya za mu san ranar shuka, Gwaggo?"

"Ban sani ba. Shekara talatin da ɗaya ina sani, bana ban sani ba. Kunne na nan, abin ji ne babu."

"Ba wata dabara?"

"Akwai, ba za ka so ta ba. Itatuwan Tudun Maje ba wanda ya haƙa gindinsu. Mai kawo mini daddawa daga can ta ce har jiya da azahar 'yan bazara na tsaga musu kunne. Su ba su san amfaninsu ba, ƙara kawai suke ji. In suna kuka har jiya, ruwan nan na yaudara ne. Sai a je can a zauna a saurara, kullum, har su yi shiru."

"A garin masu ce mana bayin ƙwaro? Za su yi mana dariya har jikoki."

"Za su yi. Kai dai zaɓi wadda za ka iya ɗauka, dariyarsu ko kukan waɗancan na waje."

Tunau ya miƙe, abin nan na dunƙule a hannunsa. Ya fita bakin zaure. Barau ya gyara rataya ya ɗaga makaɗi.

"Ranka ya daɗe, hannuna har ya yi tsami. In buga ta fita gona?"

"Sauke, Barau. Yau da bakina zan yi."

Ya dubi mutane. Ya san kowa da sunan ubansa, ya san gidan da aka daina hura wuta. Ya ce kada wanda ya taɓa iri. Ya ce shirun da ake ji ba na damina ba ne, 'yan bazara ba su fito ba, kuma shi ya kashe su. Ya buɗe hannu ya nuna musu, ya nuna zauren, ya faɗi yadda aka yi, ko da yake rabinsu da ƙafafunsu aka kwaɓa ƙasar. Ya ce daga yau ko cikin tafi ba a yarda a ɗebi ƙasa a gindin tsamiya ba.

Ba wanda ya yi ihu. Da sun yi, da ya fi masa sauƙi. Suka sauke sungumi ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo mai suna Dogara ya matso ya ce, "Sarki, ni ban jira ganga ba. Da asuba na zuba rabin nawa." Dogara ya gyaɗa kai, ya juya ya tafi yana jan sungumi a ƙasa.

Da taro ya watse Tunau ya koma ciki ya durƙusa gaban tsohuwa.

"Gwaggo, in rushe shi? In mai da ƙasar inda aka ɗebo ta?"

"Ka cike ramukan da wata ƙasa, ka zuba taki. Amma rushe zaure ba zai ta da matacce ba. Bar shi tsaye. Ka riƙa zama a ciki."

"Za su dawo?"

"In goma sha ɗayan nan sun samu sun yi ƙwai kafin tsuntsu ya gan su, wataƙila. Shekara biyar, ko bakwai. Ba da kunnena ba dai."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na karɓa, Gwaggo. Ni ne zabuwar, ni ne Cindo. Abin da ya rage kada in wurga kwaɗo bayan danga."

"Ka gwada mana," in ji ta. "Ɗauko jaki, ƙafata ba ta kai Tudun Maje."

Shi da kansa ya ɗaura akumari, ya ɗora ta, ya riƙe igiya. Suka bi ta ƙarƙashin tsamiyoyi tara, ba abin da ke motsi sai inuwa. Sama ta washe tas, ƙasar da ta jiƙa jiya har ta fara yin ɓawo. Da suka kusa Tudun Maje suka ratsa gonaki, masu shuka suka ɗago suna kiran juna. Wani ya ce, "Sarkin Noma, an zo aron ƙwaro ne? Mudu nawa za a auna muku?" Aka fashe da dariya. Tunau bai waiwaya ba.

Can sai ƙarar ta fara iso su daga itatuwan bakin rafi, siririya da farko, sannan ta cika ko'ina har jaki ya kaɗa kunne. Gwaggo Hakama ta rufe lafiyayyen idon.

"Ka ji? Haka garinku yake da."

"Na ji, Gwaggo."

Kwana goma sha tara yana kai ta yana komo da ita, ba a sake ɗigon ruwa ba. Shukar Tudun Maje ta tsiro ta ƙone, rabin irin Dogara ya bi ta. Ran na ashirin itatuwan suka yi shiru, aka ƙirga uku, hadari ya haɗo daga gabas, Barau ya buga gangarsa. Irin Tsamiya Tara ya kama, ba a yi yalwa ba, amma an kai baɗi.

Gwaggo Hakama ta rasu a rani na uku bayan haka, tsamiyoyi na nan shiru. Tunau ya tsufa a sarauta, a zauren nan yake karɓar baƙi yana yanke magana, sai dai har ya bar duniya ba a sake ganin ya jingina da bangon ba.